Zaɓen Hedifon Mai Buɗaɗɗen Baya Don Nazarin Kiɗa da Waƙa: Misali Daga Ƙasar Karare

1.0 Gabatarwa

Nazarin waƙar baka aiki ne na kunne tun kafin ya zama na alƙalami. Ɗalibin da ya shiga ƙauyuka neman kiɗa da waƙa, komai yawan abin da ya naɗo, ba zai iya rubuta fiye da abin da kunnensa ya ji ba. Shi kuwa kunnen ba zai ji fiye da abin da na'urar sauraro ta miƙo masa ba. Duk da haka, sau da yawa akan ga ɗalibi ya kashe kuɗin mota da na goro, ya sha rana, ya samo waƙar da ba kowa ke da ita ba, sa'an nan ya zauna juyar da ita a takarda da ɗan iyafis irin wanda ake sayarwa a bakin tasha. A nan ne kalmomi sukan ɓace, ganguna uku su koma kamar ɗaya, a rubuta abin da mawaƙi bai faɗa ba.

Wannan maƙala za ta yi bayani a kan na'urar sauraro da ake ɗorawa a kai ta rufe kunnuwa biyu, watau hedifon, musamman nau'insa mai buɗaɗɗen baya. Za a duba yadda yake aiki, da dalilin da ya sa amon ƙasa yakan yi masa wuyar fitarwa, da kuma yadda ɗalibi zai zaɓi mai matsakaicin farashi wanda zai fitar da kaurin ganga ba tare da ya danne muryar mawaƙi ba. An ɗauki ƙasar Karare a matsayin misali, domin halin da take ciki ya sa kowane sauti da aka naɗo daga can ya zama abin tattali.

2.0 Ƙasar Karare da Abin da Ake Naɗowa a Cikinta

Karare yanki ne a yammacin Jihar Katsina wanda ya ƙunshi ƙasashen Batsari da Safana, inda ake da garuruwa irin su Ruma da Wagini da Runka da Zakka. Hakimin Batsari shi ke riƙe da sarautar Sarkin Ruma, na Safana kuwa Yariman Katsina. Daga yamma dajin Rugu ne ya raba yankin da Jihar Zamfara. Ƙasa ce ta manoma da makiyaya da mafarauta, kuma ta yi suna da jarumai tun ƙarni na 19, zamanin shahararren mayaƙin nan Ɗanwaire na Ruma. Saboda haka mai nazarin adabin baka zai tarar da gangar noma a wajen gayya, da kalangu a wajen biki da dambe, da kirarin 'yan tauri da na mafarauta, da kiɗan ƙwarya da lugude a cikin gidaje.

Sai dai shekarun baya sun zo wa yankin da tsanani. Hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Ɗankar na ƙasar Batsari. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Batsari da Safana, ba a maido da su ba sai bayan wasu watanni. Idan ƙauye ya watse, makaɗansa sukan watse tare da shi. Wani ya koma Katsina, wani Dutsinma, wani kuwa ya ajiye ganga ya kama wata sana'a. Ke nan ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko na Jami'ar Tarayya ta Dutsinma da ya samu ya naɗo waƙar wani dattijo, ba shi da tabbacin zai sake ganinsa ya tambaye shi abin da ya ce a ɗango na uku. Abin da ya naɗo shi ne shaidarsa, kuma wajibi ne ya ji shi kamar yadda yake.

Akwai kuma batun karin harshe. Mutanen wannan yanki sukan ce "tahi" a maimakon "tafi", su ce "hwaɗa" a maimakon "faɗa". Wanda na'urarsa ba ta fitar da baƙaƙe sarai ba zai ji abin da ya saba ji ne, ya rubuta daidaitacciyar Hausa a inda mawaƙi ya yi Katsinanci, ya shafe abin da ya kamata ya adana.

3.0 Kauri da Zaƙi a Ma'aunin Kimiyya

Sauti karkarwar iska ce. Ana auna yawan karkarwar a cikin daƙiƙa guda da ma'aunin da aka sa wa sunan Bajamushen nan Heinrich Hertz, ana taƙaita shi da Hz. Kunnen matashi mai lafiya yana jin daga Hz 20 zuwa Hz 20,000. Idan karkarwa ta yi kaɗan sai a ji amo mai kauri, idan ta yi yawa sai a ji mai zaƙi. Abin da samari ke kira "bes" shi ne ɓangaren ƙasa, daga Hz 20 zuwa kimanin Hz 250, kuma ya kasu gida biyu. Na farko, daga Hz 20 zuwa 60, shi ne rugugi irin na aradu daga nesa, wanda ƙirji kan ji fiye da kunne. Na biyu, daga Hz 60 zuwa 250, shi ne nauyin bugu, watau abin da ke sa a ji makaɗi ya sauka a kan fata.

Wannan gida na biyu shi ne mafi muhimmanci ga mai nazarin Hausa, saboda a nan tushen muryar ɗan Adam yake. Muryar namiji baligi takan kai-komo tsakanin Hz 85 da 180, ta mace kuwa tsakanin Hz 165 da 255. Hausa harshe ne mai karin sauti, inda hawa da saukar murya ke bambanta ma'ana. Alal misali "kuka" na hawaye gaɓoɓinsa biyu duk a sama suke, amma "kuka" ta miya takan fara a sama ta sauka. Haka nan "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala. Wannan hawa da sauka ne makaɗin kalangu yake kwaikwayo idan ya matse igiyoyin kalangunsa a hammata ya saki, har mai sauraro ya gane kirarin da ake kaɗawa. A 2021 Cecilia Durojaye da abokan aikinta sun buga wani bincike a kan gangar dundun ta Yarbawa, 'yar'uwar kalangu, inda suka nuna da awo cewa amonta yana bin sawun karin maganar mutum.

Akwai wata ɗabi'a ta kunne da ya kamata a sani. Sauti mai kauri idan ya yi ƙarfi yakan lulluɓe wanda ke sama da shi, fiye da yadda mai zaƙi ke iya lulluɓe mai kauri. Saboda haka hedifon da ya cika kauri a tsakanin Hz 100 da 250 zai sa ganga ta haɗiye muryar mawaƙi da ta 'yan amshi. Wanda kuwa ya gaza a wajen zai mai da babbar ganga kamar ana buga gwangwani. Kauri mai gamsarwa, a wajen mai nazari, shi ne wanda za a ji nauyin ganga a ciki, a kuma iya bambanta hawanta da saukarta, muryar mawaƙi tana tsaye a gaba.

4.0 Yadda Hedifon Yake Aiki

A cikin kowane kunne na hedifon akwai 'yar ƙaramar lasifika. Tana da tantani siriri, kamar fatar da ake rufa wa kalangu, da naɗin waya a manne da shi, da maganaɗisu. Idan lantarkin sauti ya bi ta cikin naɗin wayar sai ya tura tantanin gaba ya jawo shi baya, shi kuma ya kaɗa iska. Akwai wani nau'i da ake shimfiɗa wayar a kan tantanin baki ɗaya, a jera maganaɗisu a gefensa, ta yadda duk faɗinsa zai motsa a lokaci guda. Wannan shi ake kira filana.

Na'urar tana da tsohon tarihi. Nathaniel Baldwin ya ƙera irin tasa a Amurka a 1910, rundunar sojan ruwan ƙasar ta yi ta saye. Kamfanin Beyer na Jamus ya fitar da DT 48 a 1937, kamfanin Koss na Amurka kuma ya fitar da na sauraren kiɗa mai sauti biyu, dama da hagu, a 1958. A 1968 ne kamfanin Sennheiser na Jamus ya fitar da HD 414, hedifon na farko mai buɗaɗɗen baya, wanda aka sayar da fiye da miliyan 10 nasa.

Bambancin rufaffe da buɗaɗɗe yana ga bayan tantani. A rufaffe, an kife bayan da ƙoƙon roba ko na itace, iska ba ta fita. Amfaninsa shi ne yana tare hayaniyar waje, kuma na kusa ba ya jin abin da ake saurare. Aibinsa shi ne sautin da ya fita ta baya yakan bugi ƙoƙon ya dawo, ya gauraya da na gaba, kamar mai magana a cikin randa. A buɗaɗɗe kuwa raga ce kawai a bayan, sautin baya yana ficewa abinsa. Wannan ne ya sa ake jin amonsa a sake, kamar makaɗan suna zaune a fili, a iya cewa ga kalangu ta dama, ga kurkutu ta hagu, ga 'yan amshi a baya. Har ila yau kunne ba ya yin gumi da wuri, abin da ba ƙarami ba ne ga wanda zai zauna awa huɗu yana juyar da waƙa a watan Afrilu.

4.1 Dalilin Raunin Kauri a Buɗaɗɗe

Duk lokacin da tantani ya tura iskar gabansa, to ya jawo ta bayansa ke nan. Idan akwai hanya tsakanin gaba da baya, iskar da aka matse takan zagaya ta cike gurbin da aka bari, sai su kashe juna. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. Ke nan tsawon zango guda na amo mai Hz 50 ya kusa mita 7, alhali tsakanin gaban tantani da bayansa bai wuce 'yan santimita ba. Iska tana da isasshen lokacin zagayawa kafin tantani ya juyo. Amo mai Hz 5,000 kuwa zangonsa bai kai santimita 7 ba, don haka wannan matsala ba ta cika shafarsa ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa yawancin buɗaɗɗu amonsu yakan fara raguwa daga wajen Hz 100 zuwa ƙasa, rugugi ya yi rauni.

Masu ƙira sukan bi hanyoyi uku don rage wannan rauni. Wasu sukan faɗaɗa tantani ya kai milimita 50 domin ya kaɗa iska mai yawa. Wasu sukan ƙara ƙarfi a wajen Hz 100 zuwa 150, don nauyin bugu ya rufe gurbin rugugin da ya ɓace. Wasu kuwa, masu filana, sukan sa tantanin kansa ya zama shamaki tsakanin gaba da baya, matashin kunne ya toshe gefe, sai amon ya sauka ƙasa ƙwarai ba tare da ya kumbura ba. A kamfanin Harman na Amurka, Sean Olive da abokan aikinsa sun gwada masu sauraro da yawa daga 2013 zuwa 2018, suka gano mafi yawansu sun fi son a ɗan ɗaga amon da ke ƙasa da kimanin Hz 100. Abin lura shi ne ƙarin a can ƙasa yake, ƙasa da inda yawancin murya take.

5.0 Wasu Misalai Masu Matsakaicin Farashi

Abin da ake nufi da matsakaicin farashi a kasuwar duniya shi ne daga kimanin dala 100 zuwa 300. Wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne a Nijeriya. Bayan da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023, dala ta haura naira 1,500 a 2024, shekarar da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000. A wannan lissafi, hedifon na dala 150 ya fi albashin wata uku. Ɗan manomin da zai saye shi ya san buhun gero nawa ya tafi, don haka tilas ya yi zaɓe da idon basira.

Sennheiser HD 600, wanda ya fito a 1997, ya yi suna wajen fitar da muryar mutum kamar yadda take, amma ruguginsa ba shi da yawa. Ƙanensa HD 650 na 2003 ya ɗan fi shi kauri. Dukansu om 300 ne. HD 560S, wanda ya fito a 2020 a kan kimanin dala 200, om 120 ne, kuma amonsa ya fi na yayyensa sauka ƙasa, ba tare da kumburi a inda murya take ba.

Philips Fidelio X2HR yana da tantani mai milimita 50, om 30 ne, kuma yana daga cikin buɗaɗɗun da suka fi kauri. Mai son ya ji ganga ta cika masa kunne zai gamsu da shi, wayar hannu ma tana iya ɗaukarsa. Beyerdynamic DT 990 Pro, wanda aka fi sani da om 250, yana da nauyin bugu sosai, ga ƙarko, ana kuma samun kayan gyaransa. Sai dai zaƙinsa yana da kaifi, yakan tsananta harufan "s" da "sh" da "ts", kuma yakan fito da shuuu ɗin tsohon kaset fiye da kima. Wanda aikinsa ya shafi kaset-kaset na Mamman Shata ko Musa Ɗanƙwairo da aka juya sau da yawa zai gaji da shi da wuri.

A ɓangaren filana akwai HiFiMan HE400se, da ya fito a 2021 a kan kimanin dala 150, da kuma Sundara da ya fi shi tsada. Amonsu na ƙasa yana tafiya a miƙe, ana jin hawa da saukar ganga dalla-dalla, amma suna buƙatar lantarki mai ƙarfi, kuma tantaninsu ba ya son ƙura ko faɗuwa. Ga wanda aljihunsa bai kai nan ba, akwai Koss Porta Pro, wanda ake ƙerawa tun 1984. Om 60 ne, ba shi da nauyi, yana da kauri a wajen bugu, ko da yake bai kai sauran fayyace sauti ba. Akwai kuma masu rabin buɗewa irin su AKG K240 da Samson SR850, waɗanda suka fi araha, amma na farkon ruguginsa kaɗan ne, na biyun kuma zaƙinsa yana da yawa.

6.0 Abubuwan Dubawa Kafin Saye

Abu na farko shi ne wurin da za a yi amfani da shi. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Buɗaɗɗen hedifon yana fitar da sauti waje, yana kuma shigo da na waje. Ba ya amfani a cikin mota daga Katsina zuwa Batsari, ko a kasuwa, ko a ɗakin kwanan ɗalibai inda janareta ke ruri. A filin naɗar sauti ma bai dace ba, domin abin da ya zubo daga bayansa yana iya komawa cikin makirfo, kuma mai naɗa ba zai bambanta abin da na'ura ta kama da abin da ya shigo masa kai tsaye ba. Aikin fili na rufaffe ne, irin Sony MDR-7506 da masu naɗar sauti suke amfani da shi tun 1991. Buɗaɗɗe na zaman ɗaki ne, lokacin juyar da waƙa da nazarinta. Idan hira ce ta sirri, kamar ta wanda ya ba da labarin harin da aka kai ƙauyensu, kada a saurare ta da buɗaɗɗe a cikin jama'a.

Abu na biyu shi ne na'urar da za a jona shi da ita. Lambar om tana nuna yadda hedifon yake turje wa lantarki. Mai om 30 zuwa 60 yawanci wayar hannu ko kwamfuta tana iya ɗaukarsa. Mai om 250 ko 300 yakan yi ƙasa-ƙasa a waya, sai an haɗa shi da amfilifaya. Sai dai om kaɗai ba ya isa hukunci. HE400se ƙarancin om gare shi, amma yana da wuyar tayarwa saboda ba ya ba da ƙara mai yawa a kan ɗan lantarki. Saboda haka a duba lambar desibel da aka rubuta a kwalinsa, a kuma lissafa kuɗin amfilifaya a cikin kuɗin saye. Wayoyi da yawa na zamani ba su da ramin jona hedifon, tun da Apple ya cire shi a 2016 wasu suka bi sahu, sai an nemi 'yar mahaɗa. Mai waya kuwa ya fi marar waya dacewa da yankin da wutar lantarki ba ta da tabbas, tun da ba ya buƙatar caji.

Abu na uku shi ne matashin kunne. Shi ne ke tsayar da tazara tsakanin tantani da kunne, kuma idan ya lotse amon yakan sauya. Mai laushi irin na karan-miski ya fi sauƙin zafi, mai fata kuwa ya fi riƙe kauri amma yana tara gumi. Sandar tabarau ko bakin hula ko kaurin ɗankwali, idan suka shiga tsakanin matashi da kai, suna iya sauya amon ƙasa. A tabbatar ana iya cire matashin a sa sabo, haka ma wayar, domin su ne suke fara mutuwa. A lokacin hunturu kuwa a riƙa ajiye hedifon a cikin jaka ko akwati, saboda ragar bayansa ƙofa ce ga ƙura.

Abu na huɗu shi ne jabu. A manyan kasuwannin kayan waya, irin su Farm Centre a Kano da Computer Village a Ikeja, akwai na gaske akwai kuma kwaikwayo, wani lokaci kwalinsu iri ɗaya. Idan aka ga farashi ya faɗi ƙasa da rabin wanda aka sani, to a yi hattara, araha ba ta ado. A nemi rasit da sharaɗin mayarwa kafin a biya.

6.1 Yadda Ake Gwaji

Kada a gwada hedifon da kiɗan da mai shago ya kunna, domin ya zaɓi wanda zai burge ne. Ɗalibi ya tafi da sautuka uku da ya sani ciki da bai. Na farko, magana zalla ta dattijo, don a ji ko ɓ da ɗ da ƙ suna bambanta da b da d da k. Na biyu, kalangu tare da murya, don a ji ko ana bin kirarin da ake kaɗawa ba tare da kalmomin mawaƙi sun nutse ba. Na uku, babbar ganga ko tambari, don a ji ko bugun yana da nauyi, kuma yana tsayawa idan ya ƙare, ba ya jan wutsiya. Idan za a gwada biyu, a daidaita ƙararsu, saboda tun 1933 Fletcher da Munson suka nuna cewa kunne yana ƙara jin kauri idan an ƙara ƙara. Wanda aka fi ƙure wa murya shi zai yi kamar ya fi kyau. A kuma bar shi a kai na aƙalla minti 20, don a ji ko yana matse kai.

Idan an samu wanda ya gamsar ta kowace fuska sai dai ruguginsa ya yi kaɗan, ana iya ɗaga amon da ke ƙasa da Hz 100 da desibel 3 zuwa 5 ta hanyar ikwalaiza a waya ko kwamfuta. Ya fi sauƙi a ƙara wa mai tsabta kauri da a tsabtace mai kumburi. Amma ya kamata a tuna cewa hedifon ba ya ƙirƙiro abin da ba a naɗo ba. Ƙaramin makirfon waya yakan yanke amon ƙasa, saƙon murya na WhatsApp kuma yakan matse sauti ya zubar da wani abu. Hedifon nagari zai ma tona aibin naɗi ne, kamar hucin iska a makirfo, ko gurnanin lantarki mai Hz 50. Inda kunne ya yi shakka a kan karin sauti, manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam, tana zana hawa da saukar murya a gani da ido, kuma kyauta ce.

7.0 Lafiyar Kunne

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin raunin ji saboda sauraro da ƙara mai yawa. A ƙa'idar da ta fitar a 2019, baligi zai iya sauraren desibel 80 na tsawon awa 40 a mako. Duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu, watau awa 20 a desibel 83, awa 10 a desibel 86, awa 5 a desibel 89. Haɗarin buɗaɗɗe yana nan ne: wanda ya sa shi a cikin hayaniya, ko wanda bai gamsu da kaurinsa ba, zai yi ta ƙara murya bai sani ba. Ƙwayoyin ji na cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa, kuma amo mai zaƙi ne yake fara ɓacewa, inda baƙaƙe irin su "s" da "ts" suke. Idan aka cire hedifon aka ji kunne yana ƙugi, to an wuce kima.

8.0 Kammalawa

An ga cewa buɗaɗɗen hedifon yana ba da sauti a sake, yana raba kayan kiɗa, amma ƙirarsa tana rage masa rugugi, kuma ba ya tare hayaniya. An ga kuma cewa kaurin da mai nazarin Hausa yake buƙata shi ne wanda ba ya hawa kan murya, tun da karin sauti da amon kalangu a maƙwabtaka ɗaya suke zaune. Wanda aikinsa ya fi karkata ga kalmomi zai fi amfana da irin HD 560S. Wanda ya fi karkata ga ganguna, kuma waya ce kaɗai gare shi, X2HR zai yi masa. Mai amfilifaya da ɗaki marar ƙura kuwa sai ya duba filana.

Tun da kuɗin ya fi ƙarfin yawancin ɗalibai, zai kyautu sassan Hausa su tanadi ɗakin sauraro mai buɗaɗɗu biyu ko uku, da rufaffu na aro don masu fita fili, da kwamfutar da za a riƙa adana kwafin duk abin da aka naɗo. Tun a 1971 David Ames da Anthony King suka buga ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa, kuma da sauraro mai kyau suka yi shi. Aikin da ya rage a Ruma da Runka da Wagini yana jiran ɗaliban yankin, kuma dattawan da suka san kiɗan suna ta raguwa.